Ɗorawar Inna

Rabon Inna a gadon mahaifinta icce ne guda ɗaya. Ɗorawa ce babba, tana tsaye a gefen gonar kakanmu, daidai inda hanyar ƙasa ta fito daga ƙauyen Ƙofa ta miƙe zuwa Kusada. Ranar rabon gado malamin da ya zo ya ƙiyasta gonar da abin da ke cikinta, ya ce Inna ta zaɓa, ko a yankar mata gefe ko ta ɗauki iccen a bakin rabonta. Ta ce iccen take so. Kawu, ƙanenta, shi ya ɗauki ƙasar.

'Ya'yana in na ba su wannan labari dariya suke yi, wai ta yaya icce zai zama na wani, ƙasar da yake tsaye a kanta ta wani. To mu haka muka tashi muka tarar. Ɗorawa da kuka da tsamiya kowace da mai ita. Ana iya sayar da gona ta wuce hannu zuwa hannu, iccen yana nan a hannun mai shi, sai in an ambace shi a cikin cinikin a gaban shaidu.

Baba ya rasu ina 'yar firamare, don haka ɗorawar nan ce ta rene mu. In sanyi ya fara ja da baya sai ta fitar da jajayen furanni masu lilo kamar tuntun hula, ƙudan zuma su yi ta guna a kanta har mutum ya ji daga nesa. Daga nan 'ya'yan su fito sirara, koraye, su yi ta tsawo har bazara ta gasa su su koma ja-ja-ja. Ranar kaɗa ranar biki ce a gidanmu. Mu tafi da buhuna da doguwar gora mai ƙugiya, mu dawo bakinmu da gaban rigunanmu duk sun yi rawaya. Babu abin da ake zubarwa. Garin rawayan da ke cikin 'ya'yan mu dama mu sha, ko a kai kasuwa. Ɓawon a jiƙa a yi makuba a yi daɓen ɗaki. Kalwa kuwa, wato ƙwayar, ita ce dukiyar, da ita Inna take daddawa.

Daddawar Inna ta yi suna. Sai ta dafa kalwa wuni guda a babbar tukunya, ta surfe da toka, mu ɗauka mu kai bakin rijiya mu yi ta wanki har yatsunmu su yi yaushi. Ta sake dafawa, ta juye a kwando, ta lulluɓe da buhu ta kai ƙuryar ɗaki, ta hana kowa ɗagawa. Ita da hanci take gane ta yi. Har wata 'yar Kudu, matar mai kemis a Kankia, takan aiko a sayo mata duk ranar kasuwa, tana cewa irin wadda uwarta ke yi ce a garinsu. Da wannan sana'a aka sai mani kayan makaranta har na shiga sakandare a Kankia.

Mai kai wa Inna kwandonta kasuwa wani ɗan acaɓa ne na Kusada. Lokacin acaɓa bai daɗe da yawaita ba a wajenmu, mashin ɗin ma ba nashi ba ne, na wani ne yake ja. Saurayi ne siriri mai bakin barkwanci, bai daɗe da aure ba. Tun daga zaure za ka ji shi.

"Inna mai turare! A fito da kayan ƙamshi, rana na yi."

"Ja'iri. In ba don turaren nan ba, mi za ka ce kana ci a miyar amaryarka?"

"Ai ni matsalata, in na sauke ki babu mai hawa mashin ɗina sai na wanke shi da omo."

Ta bi shi da muciya, ya kauce yana dariya. In sun dawo kuma sai ta ƙulla mashi 'yan ƙwayoyi a leda ta ce ya kai wa yarinyar.

Ina aji na tsakiya a sakandare Kawu ya sayar da gonar. Wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi daga Kankia ya saya. Ba zan ce mugu ba ne, Allah na gani, mutum ne mai zumunci da kyauta. Amma shi noma da tarakta yake so, ɗorawar kuwa ta tsaya mashi a wuya. Inuwarta ta cinye wani ɓangare na gonar, geron da ke ƙarƙashinta ba ya yin kirki, saiwoyinta kuma suna kama garma. Ya aiko Kawu ya taya iccen, Inna ta ce ba na sayarwa ba ne. Ya je wajen malamin daji, wanda ke kula da itatuwa a yankinmu, aka ce mashi doka ta hana sare icce mai rai mai ba da 'ya'ya sai da izini, izinin kuma ba ya samuwa sai mai iccen ya yarda. Sai ya haƙura, ko in ce ya yi shiru.

A cikin rassan ɗorawar akwai wani babba da ya miƙa ya ƙetare hanya. Shi ya fi kowane reshe 'ya'ya, domin shi ke samun ranar hantsi. Amma a gindinsa, inda ya haɗu da uwar, kogo ya fara. In ka tsaya ƙasa ka ɗaga kai za ka ga baƙin rami da garin icce yana zubowa. Wata safiya Alhaji ya yi sallama a ƙofar gidanmu, tare da mutum biyu, ɗaya yaron shagonsa ne dattijo, ɗayan maƙwabcinmu ne mai gyaran keke. Inna ta yafa mayafi ta tsaya daga cikin zaure, ni ina bayanta, domin lokacin muna hutu.

Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, reshen nan da ke bisa hanya ya ruɓe. Na zo in gaya maki gaban mutane, a sare shi kada shi faɗo ma wani."

"Na gode, Alhaji. Na gani. Za a sare in Allah ya so."

Kuma da gaske take. Ta aika wa malamin daji, ya zo ya duba, ya ce wannan ba sai an wahala ba, reshe mai haɗari a cire shi, duk ranar da ta shirya ta sanar da shi. Abin da ya tsayar da ita shi ne 'ya'yan. Reshen yana ɗauke da su jingim, koraye, saura kaɗan su nuna. A gidan su Inna kuwa ba a sa wa icce gatari yana ɗauke da ɗanyun 'ya'ya. Kakarmu takan ce kamar ka daki mai ciki ne. A jira ya sauke tukuna. Haka uwarta ta yi, haka uwar uwarta ta yi, kuma ba a taɓa jin ya cuci kowa ba. Ta ce da an kaɗe, washegari za a sare.

Hadarin farko na shekarar bai jira ba. Ranar kasuwar Kusada ce, bayan azahar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙarfin da har yanzu ban sake ganin irinsa ba. Muna ta kwashe shanya, faifai suna tashi sama, kaji suna ta kururuwa. Ruwan ma bai wani zuba ba. Da iskar ta lafa sai ga matar maƙwabcinmu ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Inna, ɗorawarki ta faɗo ma mutum!"

Ban taɓa ganin Inna tana gudu ba sai ran nan. Da muka isa mutane sun taru, maza suna ɗaga reshen da ƙarfin tsiya. Ɗan acaɓan nan ne. Ya sauke fasinja a Ƙofa, yana komawa iska ta tare shi, ya tsaya ya fake a gindin iccen da ya sani. Reshen ya sauka a kan ƙafarsa ta dama da gaban mashin ɗin. Yana kwance cikin korayen 'ya'yan ɗorawa da suka watsu ko'ina, yana ta salati. Da ya ga Inna sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Inna, yau turarenki ya kama ni."

Ta durƙusa ta riƙe kansa tana ta innalillahi. Alhaji yana gonar a ranar, shi ne ya ce a ɗauki ɗan acaɓan a motarsa zuwa asibiti a Kankia, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Wannan ina shaidarsa har gobe.

Ƙashin ya karye wuri fiye da ɗaya. Ya yi kwanaki a asibiti, daga baya danginsa suka mayar da shi gida suka kira mai ɗori. Inna ta yi ta zirga-zirga da kunu da tuwo. Abin da ya rage a iccen muka kaɗe shi shiru, babu waƙa babu wasa, ranar ko garin ban iya sa wa a baki ba.

Ana nan sai ga sammaci. Yayan ɗan acaɓan ne ya kai ƙara gaban alƙali a Kankia, yana neman kuɗin magani da gyaran mashin da abin da ƙanensa zai ci tunda ya daina aiki. Mutane suka yi ta surutu, wai a garinmu ba a kai ƙarar ƙaddara, wai wani ne ya zuga shi. Inna ta ce a bar bawan Allah, ɗan'uwansa ne a kwance, kuma mai mashin ya sa su gaba.

Kawu ya zo gida ana gobe za a shiga kotu. Ya zauna bakin turmi yana karkaɗa ƙafa.

"Yaya, ki saurare ni da kyau. Na tambayi masu sani. In iska ce ta karya shi ba ki da laifi, ikon Allah ne. Kowa ya ga iskar nan, rufin masallacin Dudunni ma sai da ta yaye. Abin da za shi kama ki ɗaya ne, in anka tabbatar an gargaɗe ki kin ƙi."

"To ai an gargaɗe ni."

"Wa ya ji? Dattijon shagon nan ya tafi Legas da kaya. Mai keke kuwa na gan shi, ya ce shi kunnensa ba shi da kyau, gaisuwa kaɗai ya ji. Ke dai ki ce iska ce. Ba ƙarya ba ce, ai iskar ce."

Inna tana tsince kalwa a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah shi kai mu goben."

Ni na raka ta. Ban taɓa shiga kotu ba, na zaci wani gagarumin wuri ne, ashe ɗaki ne mai benci da fanka mai ƙara. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Ya saurari yayan yaron, ya saurari Alhaji. Aka kira mai keke, ya yi ta sosa ƙeya yana cewa shi dai ya san an je an gaisa. Na ga Kawu ya saki ajiyar zuciya.

Alƙali ya juyo wajen Inna, ya yi mata bayani dalla-dalla yadda ko yaro zai gane. Ya ce iska ta Allah ce, ba a tuhumar kowa da ita. Amma wanda yake da bango ko icce da ya karkata kan hanyar jama'a, aka sanar da shi, ya samu sararin gyarawa bai gyara ba, to abin da ya lalata yana wuyansa. Ya ce shaida ba ta cika ba, saura maganarta.

"Baiwar Allah, an gaya maki reshen nan ya ruɓe kafin ya faɗo?"

Kawu ya yi tari. Ni kuwa na san abin da ke wuyanmu in ta amsa, kuma na san ba mu da shi.

"Allah shi gafarta malam, an gaya mani. Tun kafin a gaya mani ma na gani da idona. Jira nake 'ya'yan su nuna."

Mai keke ya sunkuyar da kai. Alƙali ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce Allah ya yi mata albarka, amma hukunci hukunci ne, biya ya hau kanta. Ya ce mu fita a yi sulhu a kan yadda za a biya, a dawo a gaya mashi.

A inuwar iccen bedin da ke ƙofar kotun Kawu ya fashe.

"Yaya, mi kika yi haka? Kalma ɗaya! Yanzu da mi za ki biya, da muciya?"

"Da mi zan tsaya gaban Allah, kai za ka ara mani bakin?"

Alhaji ya matso, cikin ladabi, ya cire hularsa ya mayar. Ya ce shi ba ya son ganin marainiya da uwar marayu cikin wannan hali. Zai ɗauke duk abin da aka yanke, magani da mashin da komai, ita kuma ta sallama mashi iccen. Ba ya ɓoye-ɓoye, ya ce sarewa zai yi. Malamin daji yana wurin, an kira shi a matsayin shaida. Inna ta tambaye shi ko doka za ta bari. Ya ce shi dai ya duba, uwar iccen lafiyarta lau, za ta iya wuce jikokinmu. Amma in mai icce da kansa ya nemi a sare, ga kuma hukuncin kotu cewa ya ji wa mutum rauni, ba shi da hujjar da zai daɗe yana hanawa.

Kowa ya ce ta karɓa. Yayan yaron ya ce shi hakan ya fi mashi, a ba su a hannu su wuce wurin. Ni kaina, Allah ya sani, a raina cewa nake ta karɓa mu huta. Inna ta ce a ba ta zuwa wani zaman. Daga nan ba mu nufi gida ba, ta ce mu hau mota zuwa Kusada.

Mun same shi kwance a tabarma a tsakar gida, ƙafar ɗaure da karare da tsumma, ya rame har idanunsa sun faɗa. Matarsa, yarinya ce da ba ta girme ni da yawa ba, tana goye da jariri tana tankaɗe. Da ya gan mu ya yunƙura zai tashi.

"Inna, wallahi ba ni na kai ki ba. Na hana Yaya, ya ƙi ji. Ni na yafe, duniya da lahira."

"Na gode, ɗana, Allah shi yafe mana baki ɗaya. To ka yafe. Wagga yarinya da ɗanta mi za su ci kafin ka tashi?"

Ya juya ya dubi matar da goyonta. Inna ta ci gaba.

"Alhaji ya ce za shi biya ku, in ba shi iccen shi sare. In kun fi son haka, gobe sai in amsa mashi, haƙƙinku ne. Amma kuɗi in sun shigo hannu, mai mashin za shi ɗauki nashi, mai magani shi ɗauki nashi, kafin kaka babu ko ɗaya. Ni abin da na zo da shi daban ne. Kalwar bana duk tana nan ban taɓa ba, a sayar a sallami mai mashin da mai magani. Kai kuma in ba ka iccen."

Ya zaro ido, sai kuma ya kwashe da dariya har ƙafar ta motsa ya yi ƙara.

"Inna! Iccen da ya so shi kashe ni za ki ba ni? In kai shi ina, in ɗaure shi a turke in riƙa bugu?"

"Ka bari ja'irci, magana nake."

Matar ce ta ajiye rariya. Ta ce a hankali, "Inna, ni fa ban iya daddawa ba."

"Wa anka haifa da iyawa? Ina raye."

Ta dubi mijinta, ya dube ta. Ya ce, "To, kin ji. Ni da na auro mai ƙamshin turaren wuta, yanzu gidana za shi koma irin naku."

Da aka koma gaban alƙali, yayan ya so ya yi gardama, amma mai haƙƙi ya aiko da yardarsa. Alƙali ya ja hankalin Inna a kan abu ɗaya. Ya ce ta sani in ta bayar ta bayar, biya ne ba aro ba, ba ta da ikon gindaya sharaɗi. In yaron ya ga dama gobe ya sayar wa Alhaji a sare, babu ruwanta. Ta ce ta sani. A hanyar gida ta riƙe hannuna gam, abin da ba ta saba ba, tana jan carbi da ɗayan.

Alhaji kuwa bai ɓata lokaci ba. Mun ji ya je har Kusada da kansa, da buhun gero na dubiya, ya yi tayi mai tsoka. Kwanakin nan na lura Inna ta daina bin hanyar gonar, in za ta Ƙofa sai ta zagaya ta bayan makabarta. Ina tsammanin tsoro take ji kada ta je ta tarar da fili.

Mai keke ne ya kawo mana labarin yadda aka ƙare, yana ba da shi yana dariya, ina jin kuma yana neman wanke kansa a wajen Inna. Wai yaron ya saurari Alhaji har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, na gode ƙwarai. Amma in ka sare shi, wa zan riƙa harara in na wuce? Bar mani abokin gabata a tsaye." Alhaji ya yi dariya ya ce shi dai ya ga ta kansa da mutanen Ƙofa da icce, ya bar mashi geron ya tafi. Gaskiyar maganar ita ce, a lokacin mai ɗori ya riga ya gaya mashi ƙafar ba za ta koma daidai ba. Ta warke gajeruwa, ba ta iya tayar da mashin. Ya san ya bar acaɓa ke nan, kuma matarsa ta riga ta gaya mashi ra'ayinta. Daga baya ya kafa teburin sayar da fetur a kwalba a bakin tasha, yana tsokanar duk wanda ya tsaya.

Inna da ta ji, sai ta shiga ɗaki ta yi alwala ta yi nafila.

Rayuwa ta ɗan yi mana tsauri bayan nan, ba zan ɓoye ba. Inna ta koma sayen kalwa a kasuwa kamar kowa, ribar ta zama 'yar kaɗan, ta haɗa da surfe da wankau. Na gama sakandare da takalmi ɗaya da ake ta kai wa mai gyara. Kawu ya daɗe yana gunaguni, amma shi ya riƙa kawo mana dawa duk kaka ba tare da an tambaye shi ba. Malamin daji ya zo da masu gatari bayan damina, aka gyare duk wani reshe da ake shakka, sabon mai icce yana zaune a kan dutse da sandarsa yana ba da umarni kamar hakimi.

Da bazara ta zagayo, matar ɗan acaɓan ta zo da kanta ta ɗauki Inna, ta ce ita ba ta san ta inda ake farawa ba. Muka tafi tare. Iccen ya yi 'ya'ya sosai a shekarar, kamar ba a taɓa shi ba. Inna ta nuna mata yadda ake gane wanda ya nuna daga launinsa da ƙarar da yake yi in an girgiza, da yadda ake saƙala ƙugiya a murɗa ba a fizga ba, don kada a ɓata na baɗi. Yarinyar tana ta kuskure, Inna tana ta faɗa kamar 'yar cikinta ce. Mijin yana gefe da ɗansu a cinya yana cewa a bi a hankali da dukiyarsa.

Can sai wani dogon ɗan ɗorawa, jajir, ya faɗo daidai ƙafar Inna. Ta sunkuya har hannunta ya kusa kai wa, sai ta tsaya. Ta miƙe ta dubi yarinyar.

"Mai icce, in ɗauka?"

Yarinyar ta saki gorar ta rufe fuska da mayafi.

"Haba Inna. Don Allah ki bari."

"A'a, ki ce dai. Naki ne."

"Ki ɗauka, Inna."

Ta ɗauka, ta yi bisimilla, ta ɓare, ta miƙo mani rabi.